Ramin da Ba Ya Cikin Zane

Sau nawa ka wuce ta gindin kagarar nan a bana? Kar ka ce ba ka lura ba. Ka ɗaga kai ka kalli katangar dutsen da tsofaffin igwoyin da ke leƙo baki ta samanta. Ka karanta babban allon da ke cewa za a mai da tsohon sansanin soja otal na alfarma wanda ba ya cutar da muhalli, ka ce madalla, gari ya ci gaba. Amma matan da ke sunkuye a bayan tudun da bokitai da tulin wanki, su ba ka gan su ba. Ko kuwa ka gan su ka kau da kai, don ba su cikin hoton da ke jikin allon. To, tsaya ka ji. Ba kai kaɗai ka kau da kai ba. Har wadda ta sha ruwan wurin ta girma, ita ma haka ta yi.

Ita ce injiniyar ruwa ta aikin. Shekararta talatin da ɗaya, kuma wannan ne babban aiki na farko da aka damƙa mata ita kaɗai. Tana son aikin nan har cikin ranta, kuma ba laifi ba ne. Shekara arba'in kagarar tana zaune ba kowa sai jemagu da awakin da ke shiga ta inda katanga ta zube. Yanzu dogayen ɗakunan da sojoji ke kwana za su zama ɗakunan baƙi, ma'ajiyar albarushi za ta zama zauren cin abinci, an jera farantan sola a rufi ta yadda na ƙasa ba zai hango su ba. Ba a sare bishiya ko ɗaya ba.

Amma abin alfaharinta yana ƙarƙashin ƙasa. A ƙasan filin da sojoji ke fareti akwai wani ƙaton rumbun ruwa da aka gina da dutse, faɗinsa ya kai kasuwar ƙauye. Duk ruwan saman da ya sauka a kan rufi da tsakar filin, can yake gangarawa. Masu otal suna neman wata takardar shaida ta kare muhalli, mafi girman daraja, sharaɗinta kuwa shi ne otal ya rayu da ruwan da ya sauka a kansa, kada ko ɗigo ya salwanta. Wannan ne aikin Injiniya.

Sai na'urorinta suka nuna mata cewa kullum ruwan rumbun yana raguwa kaɗan, kamar faɗin farce. A kwamfuta abin ya fito ɗan jan ɗigo a bangon gabas. Ta tura Mai Famfo, wani dattijo mai furfura a gemu da barkwanci a baki, ya je ya duba.

Ya dawo ofishinta wandonsa sharkaf, ya tsaya a bakin ƙofa don kada ya jiƙa mata takardu.

"Injiniya, na kama ɓarawon naki."

"Tsagewa ce, Baba?"

"Ai nan gizo ke saƙar. Ba tsagewa ba ce. Rami ne zagayayye, sumul, ɗan yatsana ya shige shi daidai. Shekara talatin ina farautar yoyo, ban taɓa ganin yoyo mai kwalliya ba sai yau."

Ta buɗe tsohon zanen ginin da aka samo a ɗakin ajiyar takardun gwamnati, ta bi bangon gabas da bakin biro. Babu komai.

"Ba ya cikin zane," ta ce. "Abin da ba ya cikin zane kuwa kuskure ne. A toshe shi."

"Ba za ki sauka ki gani da idonki ba? Matakala talatin da biyu ce kacal. Ni ma da gwiwata ke kuka kamar tsohuwar ƙofa na sauka."

Wayarta na ringi, Manajan aikin na jiranta, ga mai kawo bututu yana mata hon a waje. Ta ja takardar umarni ta sa hannu. A ranar ce kuma ta cike takardar da za a kai ofishin tsara gari, inda aka tambaya ko akwai wasu da ke amfani da ruwan wurin. Ta rubuta babu. Wannan ranar Litinin ke nan.

Ranar Alhamis da rana tsaka mai gadi ya aiko cewa wata tsohuwa na ƙofa tana faɗa da shi. Tun daga nesa Injiniya ta gane muryar. Goggonta ce, ƙanwar babanta, wadda ta ɗauke ta tun tana shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyarta. Wankau ce sana'ar Goggo. Da hannayen nan biyu da sabulu ya cinye ta kai ta makaranta har ta fito. Gidanta na bayan tudun nan, katanga ce kawai tsakaninsu, amma rabon Injiniya da ta gangara can an yi wata biyar.

"Goggo, lafiya? Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"In kira ki ki ce min kina mitin? Wannan bawan Allah wai ba zan shiga ba sai na kifa kwano a kaina. Na ce masa kwanukana suna gida, kuma ko ruwan wanke su babu."

"Babu ruwa kamar yaya?"

Goggo ta gyara mayafinta, muryarta ta sauka. "Idon Dutse ya ƙafe, Auta. Na ce wa mata su kwantar da hankalinsu, ni ina da 'yar da ta karanta ruwa tun daga farkonsa har ƙarshensa. Ki zo ki duba mana."

Idon Dutse shi ne maɓuɓɓugar da ke gindin tudun, inda ruwa ke tsiyayowa daga tsakanin duwatsu zuwa wani ɗan kwami. Unguwar ba ta da famfo. Da shi ake sha, da shi ake girki, da shi mata kusan hamsin ke wankin da suke ci da 'ya'yansu. A nan Injiniya ta koyi ɗaukar bokiti a ka ba tare da ta riƙe ba.

Suka zagaya ta bayan katanga suka gangara. Hanyar ta fi yadda take tunawa tsawo, takalminta na aiki yana zamewa, Goggo kuwa da silifas tana tafe a gaba ko haki ba ta yi. Da suka isa, abin da ya fara dukan Injiniya shi ne shirun wurin. Ta saba jin bugun kaya a kan faffaɗan duwatsun nan tun daga nesa. Yau mata na zaune a kansu, hannu a haɓa. Jarkoki sun yi layi, ba komai cikinsu. Gansakukar da ke bakin kwamin ta fara komawa ruwan ƙasa.

"Ga likitar ruwa ta iso," in ji wata mai goyo. "A ba ta hanya ta gwada masa zazzaɓi."

"Ni dai na ce injinan nan nasu ne suka razana shi," in ji wata.

"Wane irin razana? Ruwa ne ko akuya?"

"Ko shekarar da rijiyoyin gari suka ƙafe, wannan bai ɗauke ba," wata tsohuwa ta faɗa a hankali. "Ruwa dai ba ya tsami banza."

Injiniya ta durƙusa, ta nannaɗe hannun riga, ta zura hannu cikin inda ruwan ke fitowa. Sau dubu ta tara bokiti a nan, amma ba ta taɓa sa hannu ciki ba, don kullum ruwa ne ke rufe wurin. Ta yi zaton za ta ji tsagar dutse mai kaushi. Sai yatsanta ya faɗa cikin wani rami zagayayye, sumul.

Ta ɗaga kai. Can sama, daidai saitin kanta, bangon gabas ne na kagara.

"Yaushe ya ɗauke?" ta tambaya.

"Talata ya fara rage gudu," in ji Goggo. "Laraba da hantsi ya yi ɗigon ƙarshe. Me kika gani? Fuskarki ta canja."

Injiniya ta miƙe tsaye. Ta ja Goggo gefe, ƙarƙashin wata bishiya da ake shanya a jikinta.

"Goggo, wa ya ce muku wannan maɓuɓɓuga ce?"

"Wa zai ce? Haka muka tashi muka gan shi," in ji Goggo. "Sai dai kakanmu, wanda aka kama cikin mutanen unguwar nan aka sa su ɗaukar dutse shekara uku suna gina wa soja wancan abin. In ana maganar wahalar da suka sha, yakan yi dariya ya ce, ai ba mu sauko hannu rabbana ba. Mu kuwa muna ɗauka rikicin tsufa ne, don ko allura bai sauko da ita ba."

Injiniya ta hango su a ranta: mutanen da aka tilasta wa gina rumbun ruwa ga masu bindiga, alhali matansu na tafiyar rabin yini neman ruwa. Suka huda dutse ɗaya, suka ja siririyar hanya ta cikin kaurin tudu har gindin unguwarsu, suka rufe bakinsu. Ba su sa shi a zane ba, don wanda ya sa shi a zane ya sa wuyansa a igiya. Sojoji sun zo sun tafi, wasu sun gaje su sun tafi, ba wanda ya gano. Sai ita, jikanyarsu, da digirinta biyu.

"Goggo, ni ce. Ni na sa aka toshe shi. Ban sani ba."

Goggo ta dube ta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Rijiya ta bayar, guga ya hana," ta ce. Ta kai hannu ta kakkaɓe mata ƙasar da ke gwiwar wandonta, kamar yadda take yi tana ƙarama. "To, hannun da ya ƙulla ai shi ya san warwara. Tashi."

Manaja ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ne ya sa maganar ta yi wuya. Mutum ne da ke kashe fitila in zai fita ɗaki, yana zuwa aiki a keke. Ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya goge.

"Labarin ya taɓa ni, Injiniya, wallahi ya taɓa ni. Amma zato ne. Wa ya tabbatar cewa ramin nan shi ne idon ruwan can?"

"Hanyar tabbatarwa ɗaya ce, Yallaɓai. A buɗe a gani."

"Na'urorin masu ba da shaida sun fara ɗaukar awo tun ranar Talata. Kika buɗe, awon ya lalace, shaidar ta tafi. Masu otal sun sayar da rabin ɗakunan nan da alkawarin shaidar. Kin kuma san abin da yarjejeniyar aikinki ta ce game da taɓa abin da aka riga aka rufe." Ya ɗan matso. "Ga shawara. Mu aika musu tankar ruwa sau biyu a mako, kyauta. Mu rubuta sunan otal a jikinta. Baƙi ma suna son irin wannan."

"Tanka tana da direba, Yallaɓai. Direba yana rashin lafiya, taya tana faci, manaja yana canjawa. Wancan ramin shekara ɗari da wani abu bai taɓa neman hutu ba. Kuma ba kyautarmu ba ce. Nasu ne tun kafin a haifi kakan mai otal."

"A takarda ba nasu ba ne. Ofishin tsara gari ya liƙa sanarwa, kwana ashirin da ɗaya, duk mai haƙƙi a ruwan nan ya zo ya faɗa. Ba wanda ya je." Ya jawo wata takarda daga fayil ya juya mata ita. "Kuma ga abin da injiniyarmu ta rubuta da hannunta."

Babu. Rubutunta ne, mai kyau, a tsaye.

"In hukuma ta ce a bar ramin, ni ma kin sauke min kaya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Sai in ce wa masu otal doka ce ta ɗaure ni. Amma ni ba zan ba ki izini ba. Kika sauka can, da ƙafarki kika sauka."

Ta fito ta tsaya a tsakar filin fareti. Leburori na shimfiɗa duwatsu inda za a sa kujerun shan iska. Ta tuna ranar da aka ba ta aikin nan, yadda ta kira Goggo tana kuka don murna, da allon tagulla da za a kafa a ƙofa ranar buɗewa, wanda aka ce sunanta zai fito a layi na huɗu. Ta so wannan layin, ba za ta yi wa kanta ƙarya ba. Ta kuma san garin ƙarami ne, injiniyar da aka cire daga aiki labarinta yakan riga ta isa ofis na gaba.

Ta sami Mai Famfo yana cin abincin rana a inuwar wata igwa.

"Baba, ara min guduma da cizal."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar rumbun, ya rufe kwanonsa. "Ashe dai gwiwar taki ta warke."

Matakala talatin da biyu. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ciki sanyi, duhu, ko tari ka yi sai ya dawo maka sau uku. Hasken tocila ya kama ginshiƙan dutse jere cikin ruwa, kowane da sawun sassaƙa a jikinsa. Suka shiga ruwan har ƙirji, suka bi bango. Mai Famfo ya haska ƙasa. Ruwan garau yake, ta hango facin simintinsa, toka-toka a jikin baƙin dutse, daidai gwiwarta.

Ta sunkuya ta shafa kewayen. Dutsen nan ya bambanta da 'yan'uwansa. An goge shi, an yi masa ɗan leɓe a sama don kada laka ta faɗa ramin. Wani ya zauna a nan, da mai gadi a bisa kansa, ya ɓata lokacinsa yana gyara leɓen dutse saboda ruwan da jikokinsa za su sha ya fito da tsabta.

"Kawo, ni na toshe, ni zan buɗe," in ji Mai Famfo. "Ni in an kore ni, gari cike yake da famfo mai yoyo."

"Kai aike ka aka yi, Baba. Ni na sa hannu. Riƙe min tocila."

Bugun guduma cikin ruwa ba ƙarfi gare shi ba. Sau biyu tana dukan yatsanta. Mai Famfo na tsaye yana ba da umarni: "Ta gefe, Injiniya, ta gefe, ba gaba kike da shi ba. Kai, ashe a jami'a ba a koyar da guduma." Ta yi dariya, ruwa ya shiga bakinta, ta ji ɗanɗanonsa. Ɗanɗanon da ta sani ne tun tana 'yar shekara huɗu. Can sai simintin ya ɓalle. Ta sa tafin hannu a bakin ramin, ta ji yana jan fatarta a hankali, kamar ɗan maraƙi na tsotso.

Washegari da hantsi ruwa ya dawo Idon Dutse. Da farko ja, sannan ya washe. Mata suka yi ta guɗa, mai goyon nan tana cewa ai likita ta iya allura. Kafin azahar kuma takarda ta iso ofishin Injiniya: an dakatar da ita, ta miƙa hular kwano da mabuɗai. Manaja da kansa ya rako ta ƙofa. Ya ce mata ba zai sake toshe ramin ba har wa'adin sanarwa ya cika, amma in ya cika hukuma ba ta ce komai ba, masu otal za su kawo wani injiniya, kuma wannan karon da kankare za a cike shi.

Daga nan ofishin tsara gari ta wuce, ita da Goggo da matan wanki, hannayensu na ƙanshin sabulu. Sanarwar na nan a allon da ke bayan matakala, cikin gilashi mai ƙura, rubutun ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Injiniya ta nemi takardarta ta farko, ta ja layi a kan kalmar nan ta babu, ta rubuta gaskiya a ƙasanta, ta sa hannu. Magatakarda ya karɓa, ya buɗe wani koren littafi, ya ce kwamiti ba ya zama kan irin wannan ƙorafi sai mutum ɗari biyu daga mazauna gari sun sa hannu.

Matan suka yi layi. Wasu suka rubuta, wasu suka dangwala yatsa. Da aka gama, su arba'in da bakwai ne. Mai Famfo ya zo da yamma, ya zama na arba'in da takwas.

Goggo ta dubi yatsanta mai shuɗin tawada, ta dubi titi ta taga, inda motoci ke wucewa ta gindin kagara.

"Duk waɗannan," ta ce, "ba wanda muka taɓa wanke wa riga a cikinsu?"

Kai take tambaya. Ba wanda ya ce kada a gina otal. A gina, baƙi su zo su kwana inda soja ya kwana, su yi wanka da ruwan sama. Amma ginin da zai karɓi lambar yabo don bai zubar da ɗigo ba, alhali ya bar unguwa guda da ƙishi, wane muhalli ya kare? Saura kwana goma sha shida. Ofishin na buɗewa ƙarfe takwas, littafin kore ne, yana kan teburin da ke hagu in ka shiga. Kar ka aika, kar ka ce wani zai je. Ka ɗauki bironka gobe da safe, ka je ka sa hannu.